Daga gyara zuwa katin maki: nawa ne ainihin ragin da manyan kantuna ke yi wa mai cefane?

Duk wanda ya taso ana aikensa cefane ya san gyara. Ka tsaya gaban mai kayan miya a Kasuwar Rimi ko 'Yankaba, kun daidaita a kan kashi biyu na tumatir, ya juye maka a leda, sai ka ce, "Malam, ba gyara?" Ya ɗauko attaruhu uku da 'yar albasa ya jefa a kai. In kai na kullum ne ma ba sai ka tambaya ba. Mai awo zai cika mudu ya yi masa tozo, sannan ya bi da tafin hannu guda. Shi da kai duk kun san abin da ake ciki: yana so gobe in ka shigo kasuwa ƙafarka ta kawo ka rumfarsa.

Babban kanti mai ma'aikata ɗari da masu sayayya dubbai ba ya iya riƙe fuskar kowa. Yarinyar da ke kan na'urar karɓar kuɗi yau, gobe wata ce. Don haka suka ƙirƙiro nasu salon gyaran: a ba ka kati, ko a karɓi lambar wayarka, ko a ce ka sauke manhajarsu, duk sayayyar da ka yi a rubuta maka maki, makin ya taru ya zama ragi. Abin ya riga ya zama jiki a Ingila da Amurka da Afirka ta Kudu, kuma yana shigowa wurinmu ta manyan kantuna da shagunan magani da manhajojin biyan kuɗi. A wannan marra da kuɗin cefane ke cinye albashi tun kafin wata ya raba, ya kamata magidanci ya san nawa wannan gyara take, da kuma abin da ake karɓa a hannunsa a madadinta.

Ingila ce wurin da ya fi dacewa a duba, domin can aka daɗe ana yi, kuma can hukuma ta zauna ta yi lissafin abin.

Kafin kati, kan sarki ake bayarwa. Tun 1896 kamfanin Sperry & Hutchinson ya fara buga wasu ƙananan takardu kore masu kama da kan sarki a Amurka, kantuna su saya su riƙa raba wa masu sayayya gwargwadon kuɗin da suka kashe. Matar gida ta liƙa su a ɗan littafi, in ya cika ta kai a musanya mata da tukunya ko fitila. A 1958 irin wannan ya shiga Ingila da sunan Green Shield. Kantin Tesco ya yi shekaru yana raba su, sai a 1977 ya daina, ya ɗauki kuɗin da yake kashewa a kansu ya zuba wajen rage farashin kaya kai tsaye, kuma ciniki ya ƙaru. Wannan ɗan tarihi ya isa ya nuna daga ina kyautar take fitowa. Tana cikin farashin kayan da ke kan kanta tun farko, mai saye ne ke biyan ta.

A watan Fabrairun 1995 Tesco ya dawo da abin a sabuwar riga, wato katin Clubcard. Wasu ma'aurata biyu masana nazarin bayanai, Edwina Dunn da Clive Humby, su aka ba aikin nazarin bayanan da katin ya tara a lokacin gwaji. Da suka gabatar da abin da suka gano, shugaban kamfanin na lokacin, Ian MacLaurin, ya ce abin da ya ba shi tsoro shi ne a wata uku sun san masu sayayyarsa fiye da yadda shi ya san su a shekara 30. Babban abokin hamayyarsu, Sainsbury's, ya fara da raina katin, yana ganin tsohon kan sarkin nan ne aka mayar na lantarki. A shekarar ce Tesco ya sha gabansa ya zama kanti mafi girma a ƙasar, kuma ba a daɗe ba shi ma Sainsbury's ya fito da nasa. Yau gidaje fiye da miliyan 20 a Birtaniya suna da Clubcard.

To nawa makin yake? A Tesco, kowane fam ɗaya da ka kashe a cefane maki ɗaya ne, kowane maki kuma kwabon Ingila ɗaya ne, ɗaya bisa ɗari na fam. Kashi 1 cikin 100 ke nan. A Sainsbury's, da katin Nectar wanda aka fara a 2002, shi ma maki ɗaya ne a kowane fam, amma maki 500 ne ke ba da fam biyu da rabi, wato rabin kashi ɗaya cikin 100. Mu mayar da shi kuɗinmu don a gani da kyau. A ce gida yana kashe naira 200,000 a wata a kanti ɗaya, kantin kuma yana mayar da kashi 1 cikin 100. Naira 2,000 ce a wata, 24,000 a shekara. Kuɗi ne, ba wanda zai gan su a ƙasa ya tsallake. Amma in ka auna su da albasa da attaruhun da mai kayan miya ya jefa maka a kan kashi biyu na tumatir, za ka tarar gyaran kasuwa ta fi ta kanti kauri nesa ba kusa ba. Kuma ita gyara a take take shiga leda.

Maki kuwa alkawari ne. Bashi ne kanti ya ci a wurinka, kuma shi ke da ikon faɗin darajarsa ranar biya. A watan Afrilun 2015 Sainsbury's ya rage makin Nectar daga biyu zuwa ɗaya a kowane fam. A Yunin 2023 Tesco ya rage ninkin da yake yi wa maki idan aka kashe su a wajen abokan hulɗarsa, irin su gidajen abinci da wuraren shaƙatawa, daga ninki uku zuwa biyu. Takardun ragin Clubcard kuma suna da wa'adi, shekara biyu suke yi su mutu. Duk makin da ya mutu ko aka manta da shi ya zama ribar kanti. A Najeriya akwai wani ɓeran da ke cin maki ko da kanti bai taɓa shi ba: tsadar kaya. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Ma'ana, wanda ya ajiye makin naira 10,000 tsawon wannan shekarar yana jiran su yi yawa, a ƙarshe abin da suka saya masa bai wuce abin da naira 7,400 za ta saya a farkonta ba. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Shawarata a nan ba ta da kwana: da zarar maki ya isa cirewa, a cire shi a sayi shinkafa ko sabulu da shi.

Inda kuɗi na gaske suke ba a makin ba ne. 'Yan shekarun nan kantunan Ingila sun koma wani salo, farashi biyu a kan kaya ɗaya. Tesco ya faɗaɗa nasa a 2020, Sainsbury's ya biyo baya a Afrilun 2023. Za ka ga kwalin sabulun wanki an manna masa takarda biyu, ɗaya farashin kowa da kowa, ɗaya kuma mai launi, farashin masu kati, wanda wani lokaci ya yi ƙasa da sulusi ko fiye. Jama'a suka fara zargin cewa ana ɗaga farashin farko ne da gangan don na biyun ya yi kama da araha. Ƙungiyar kare masu sayayya ta Which? ta yi ta ƙorafi, har hukumar kula da gasa da kasuwanni ta ƙasar, CMA, ta shiga bincike. A Nuwambar 2024 ta fitar da sakamako bayan ta duba kaya kusan 50,000 da ke kan farashin masu kati. Ta ce kashi 92 cikin 100 ragi ne na gaskiya idan aka gwada da farashin da kantin ya saba sayarwa, kuma a manyan kantuna biyar da ta duba, ragin ya kama daga kashi 17 zuwa 25 cikin 100 a kan waɗannan kayan.

Wannan sakamako ya wanke kantunan daga zargin yaudara, kuma adalci ne a faɗi haka. Sai dai akwai abu biyu a cikinsa da mai gaggawa zai tsallake. Ragin a kan kayan da aka sa wa alamar ne kawai, ba a kan duk abin da ke cikin kwandonka ba. Sannan hukumar da kanta ta ce farashin masu kati ba kullum ne ya fi na ko'ina sauƙi ba, don haka a riƙa zagayawa. An gwada kanti da kansa ne, ba da maƙwabcinsa ba. Gwangwanin madara da aka rage daga naira 5,000 zuwa 4,300 ragi ne na gaskiya, amma in a Kasuwar Singa 4,000 yake, ka yi asarar 300 kana murna.

Akwai kuma wani abu da ke damuna a salon farashi biyu. A da, mai kati yana samun ƙari ne, marar kati bai rasa komai ba. Yanzu marar kati tara yake biya. Su waye marasa katin? Tsohuwar da ba ta da babbar waya, a kantin da sai da manhaja ake shiga tsarin, kamar Lidl, wani babban kanti a can Ingila. Yaron da aka aika, tunda a 2024 Clubcard sai ɗan shekara 18 ake ba wa. Mutanen da suka fi buƙatar ragin su ne suka fi zama a waje. Idan wannan salo ya kafu a garuruwanmu, inda mata da yawa ba su da wayar kansu kuma yara ne 'yan aike, ratar za ta fi haka faɗi.

Yanzu mu zo kan yadda kati ke aiki a zuciyar mutum, domin a nan ne ribar kanti take.

Kwanakin baya ina tsaye a layin biya a wani babban kanti, gabana wani bawan Allah ne da kwandonsa: taliya, man gyaɗa, sukari, audugar yara, sabulu. A hannunsa akwai 'yar takardar da na tabbata uwargida ce ta rubuta, yana bi yana dubawa. Mai karɓar kuɗi ta gama lissafi ta ce, "Alhaji, naira 46,500 ne. Da za ka cika 50,000 da ka samu makin garaɓasa na wannan makon." Ya ɗan yi jim, ya dubi takardar, ya dubi kwandon, ya ce, "To 'yata, ɗan jira ni." Ya koma ciki ya dawo da kwalin biskit da kwalban lemo biyu. Ban ga laifinsa ba, yara za su yi murna. Amma ko da makin da ya samu ya kai naira 1,000, ya fitar da 3,500 da ba sa cikin takardar don ya same su. Ya fita yana jin ya yi dabara, alhali kuɗin da ya rage na ƙarshen wata ya ragu da 2,500.

Masana sun auna wannan hali. A 2006 wasu malaman jami'a biyu, Joseph Nunes da Xavier Drèze, suka wallafa wani gwaji da suka yi a wurin wankin mota. Sun raba kati iri biyu. Na farko yana da gurbi takwas, in ka cika a wanke maka kyauta. Na biyu gurbi goma ne, amma an riga an buga hatimi a biyu. Kowa dai wanki takwas zai biya. Cikin masu katin farko kashi 19 cikin 100 ne suka cika, cikin masu na biyu kuwa kashi 34. Don kawai mutum ya ga kamar ya riga ya fara tafiya, sai ya ji ba zai iya barin ta a hanya ba. Makin maraba da ake zuba maka ranar da ka yi rajista aikinsa ke nan.

Haka abin yake a manhajojin biyan kuɗi irin su OPay da PalmPay da ke mayar da ɗan wani abu in ka sayi katin waya ko data. Ga wanda dama zai sayi data ɗin, riba ce tsantsa, ya karɓa. Wanda ya ƙara sayen abin da bai shirya ba don ganin alamar garaɓasa, shi ne ya biya wa na farkon.

Sai kuɗin hanya, wanda mutane ke mantawa da shi. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, zuwa kanti mai nisa don kati ya zama lissafin da sai an zauna an yi. In zuwa da dawowa a adaidaita sahu zai ci naira 1,500, to sai ka yi sayayyar 150,000 kafin makin kashi 1 cikin 100 ya biya kuɗin motar kaɗai.

Abin da kanti ke karɓa a hannunka, ban da sake dawowarka, shi ne labarin gidanka. Rasidin wata shida ya isa ya faɗi mutum nawa ne a gidan, ko akwai jariri, ko akwai mai ciwon sukari, ranar da albashi ke shigowa, da watan da aljihu ya yi sanyi aka koma ƙaramin ƙunshi. A 2012 jaridar New York Times ta ba da labarin yadda kantin Target na Amurka ya gina lissafin da ke hasashen mace na da juna biyu daga sauyin sayayyarta a kaya kusan 25, irin su man shafawa marar ƙamshi da wasu ƙwayoyin ƙarin lafiya, don ya fara tura mata tallan kayan jarirai kafin sauran kantuna su farga. A al'adarmu ciki abu ne da ake sakayawa har sai ya fito da kansa, wani lokaci ko uwar miji ba a yi saurin faɗa wa ba. Wannan bayani yana da tsada, shi ya sa Sainsbury's ya biya fam miliyan 60 ya saye Nectar gaba ɗaya a 2018, kuma manyan kantunan suna samun kuɗi daga kamfanonin da ke son tallansu ya isa ga ainihin mai sayen irin kayansu.

Ban ce a guje wa kati saboda wannan ba. Mai awon unguwarku ma ya san ranar da ka karɓi albashi. Bambancin shi ne shi ka san shi, ka san iyakar inda maganar za ta je. A Najeriya akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023, wadda ta ba mutum damar janye amincewarsa da kuma ƙin a yi amfani da bayanansa wajen tura masa talla. Lokacin cike fom, lambar waya da suna sun isa. In aka nemi ranar haihuwar yara, ko adireshin gida, ko lambar BVN don katin maki kawai, mutum ya tambayi dalili, in bai gamsu ba ya bar gurbin.

Akwai nau'in da ake biyan kuɗi kafin a shiga. Kantin Costco na Amurka shi ne babban misali. Tun Satumbar 2024 kuɗin shiga na shekara dala 65 ne, babban matsayi kuma dala 130, wanda ke mayar da kashi 2 cikin 100 na sayayya. Lissafin a fili yake: ƙarin dala 65 ɗin ba ya dawowa sai ka kashe dala 3,250 a shekara. A shekarar kuɗi ta 2024 kamfanin ya tara kusan dala biliyan 4.8 daga kuɗin shiga kaɗai. Ga Musulmi akwai ƙarin abin dubawa a nan. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmi ta Duniya, a zamanta na Makka a 2006, ta bambanta katin ragi iri biyu. Wanda ake bayarwa kyauta ta ce babu laifi, domin alkawarin kyauta ne daga mai kaya. Wanda ake saya da kuɗi ko biyan shekara ta hana, saboda garari: ka biya abu sananne a kan amfanin da ba ka san ko za ka samu ba. Akwai malaman zamani da suka sassauta, don haka wanda aka yi wa tayin irin wannan kati ya kai wa malaminsa sharuɗɗan a rubuce. Ko ta fuskar aljihu ma, wanda ya biya kuɗin shiga yakan ji dole sai ya fanshe, sai ya riƙa zuwa ko babu buƙata.

To yaya gida zai ci moriyar abin? Takardar cefane ita ce gaba, a rubuta ta a gida, uwargida da maigida tare, kafin a buɗe manhaja a ga abin da ke kan ragi. In an buɗe, abin da ake nema shi ne wanne daga cikin kayan takardar ya faɗo, kuma in wanda ba ya lalacewa ne, kamar sabulu, omo, man goge baki, audugar yara ko taliya, a ninka sayensa a ajiye. A nan ne ake samun kashi 17 ko 25 ɗin nan, ba a maki ba. A riƙa duba farashin kilo ko lita maimakon na ƙunshi, domin ragi a kan ƙaramin gwangwani sau da yawa bai kai arahar babba marar ragi ba. Wannan batu ne ma ya sa Which? ta kai ƙarar Tesco gaban hukuma a 2023, saboda ba ya rubuta farashin awo a jikin takardar masu kati, daga baya ya fara rubutawa. Gida ɗaya ya yi amfani da lamba ɗaya don makin ya taru wuri guda. Kuma tunda katin kyauta ne, ba aure aka ɗaura da kanti ba, a riƙe na wuri biyu ko uku, a je inda kayan wannan makon suka fi sauƙi.

Ga yawancin gidajenmu ma, babban kanti ba shi ne inda mafi yawan kuɗin abinci ke tafiya ba. Hatsi daga Dawanau yake ko kasuwar ƙauye, kayan masarufi daga Singa, nama daga mahauci, kayan miya daga rumfa. Gidaje huɗu da suka haɗa kuɗi suka sayi buhun masara da kaka, ko katan ɗin taliya a farashin sari suka raba, sun samu ragin da babu katin da zai ba su. Mai shagon unguwa da ke ba ka kaya ya rubuta a littafi har ƙarshen wata ba tare da ƙarin ko kwabo ba, shi ma yana yi maka abin da manhaja ba ta yi. Katin kanti wurinsa shi ne ragowar kayan da dama a can ake sayensu: madarar jarirai, audugar yara, sabulu, magani.

Gwajin da nake ba kowa shawara mai sauƙi ne. A ajiye rasidin wata uku a cikin leda ɗaya. A ƙarshe a zauna da biro, a ja layi a ƙarƙashin duk abin da aka saya wanda ba ya cikin takardar cefane, a tara kuɗinsa a gefe guda. A ɗaya gefen a tara ragi da makin da aka cire aka yi amfani da su da gaske, a debe kuɗin mota. In gefen ragi ya rinjaya, a ci gaba da katin. In ɗayan ne ya rinjaya, a cire manhajar daga waya, a kashe saƙonnin tallan, a bar katin a aljihu sai an iso gaban mai karɓar kuɗi.